Ciyawar roba a bakin pisin: kallon kitse ake wa rogo



Kwanan nan tallar wata haja ta cika mana wayoyi. Ka buɗe Facebook ka gan ta, ka leƙa TikTok ka gan ta, har cikin zaurukan WhatsApp na dangi ana turo ta. Tsakar gida kore shar, a tsakiya ga tafkin wanka na siminti, wanda 'yan birni ke ce wa pisin, ruwa shuɗi garai-garai, kujeru jere a gefe. Ƙarƙashin hoton sai a rubuta wai ciyawa ce da ba ta shan ruwa, ba ta bushewa, ba a yankan ta. Gazon na roba kenan. Masu otel da masu gidajen biki a Damagaram sun kwaɗaitu, haka ma wasu 'yan uwanmu da Allah Ya buɗa wa a wajen bida suka dawo suna gini. Tambayar da ke yawo tsakaninsu ita ce: wace iri za a saya, kuma me za a zuba mata a ciki, baƙin garin nan ko yashi?

Mu dai amsarmu a fili take. A ƙarƙashin ranar Damagaram, shimfiɗa ciyawar roba a wurin da ake tafiya ba takalmi kuskure ne, zuba mata garin taya kuma kuskure ne a kan kuskure. Maganar nan ta cewa tana tattalin ruwa, wadda ita ce jarin masu tallar, ba ta tsayuwa idan aka auna ta da ƙasarmu.

Bari mu fara da mene ne abin, don da yawa ba su taɓa taɓa shi da hannu ba. Darduma ce. Zaren da ke tsaye kamar ciyawa roba ne, ɗan uwan robar da ake yin leda da bidon ruwa, tushensa man fetur. Ana ɗinke zaren a jikin wani ƙyalle mai kauri da aka huhhuda don ruwa ya wuce. Kafin a shimfiɗa sai an kankare ƙasar wurin, an zuba tsakuwa an daddaƙe. Bayan an shimfiɗa sai a zuba ciko a tsakanin zaren, don ya tsaya kada ya kwanta, kuma don nauyi ya danne dardumar kada iska ta naɗe ta. Cikon nan iri-iri ne. Akwai yashi wankakke. Akwai ɓawon kwakwa da ɓawon wani itace da ake niƙawa a Turai. Sai wanda aka fi sani a filayen ƙwallo, wato tsofaffin tayoyin mota da aka markaɗe suka koma baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsabar dawa.

Tarihin abin ma darasi ne. Ya yi suna a 1966 a birnin Houston na Amurka, a wani filin wasa mai rufi da ake kira Astrodome. Hasken da ke shigowa ta gilasan rufin yana kashe wa 'yan wasa ido, aka shafe wani sashe da fenti, ciyawar gaske ta rasa rana ta mutu, aka kawo ta roba aka maye gurbinta. Wato wurin da rana ba ta shiga shi ya ɗaukaka ta. Mu kuwa me muke da shi da ya wuce rana?

Kowa ya san bazarar nan tamu. Afirilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 a inuwa, jaki ma neman gindin gawo yake yi. Ciyawa mai rai tana tsotso ruwa daga ƙasa tana fitarwa ta ganye, kamar yadda randa ke gumi ta sanyaya ruwan cikinta, shi ya sa ko da tsakar rana za ka taka ta lafiya. Roba ba ta gumi. Zafi take sha ta riƙe. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah a Amurka sun auna filinsu na roba, suka samu samansa ya kai digiri 93 a ranar da zafin iska bai wuce 37 ba. Digiri 93, jama'a, saura ƙiris ruwa ya tafasa. Kuma wannan a ranar da mu nan za mu ce gari da sauƙi. Fatar mutum ba ta jure digiri 60 ko na ɗan lokaci, balle tafin ƙafar yaro ɗan shekara uku da ya fito daga ruwa a guje.

Nan ne maganar tattalin ruwa take rushewa. Su waɗancan masu binciken sun gwada dabarar da kowa zai fara tunani, wato a watsa mata ruwa. Zafin ya sauko daga digiri 79 zuwa 29. Madalla. Bayan minti 5 ya koma 49. Bayan minti 20 ya kai 73. To mai gidan da ya sayi roba don ya huta da ban ruwa, sai ga shi tsaye da tiyo yana feshi duk sa'ad da yara za su fito, kuma ruwan bai raya komai ba, bai shiga saiwa ba, tururi ya zama ya tashi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan ban da ruwan wanki. Ƙurar hunturu idan ta sauka kan ƙasa ƙasa ce ta koma gida, idan ta sauka kan darduma kuwa datti ce, tana cike tsakanin zaren, tana toshe hudojin da ruwa ke bi. Kashin tsuntsu, fitsarin yaro, na akuyar da ta kutso, miyar da ta zube ranar biki: ƙasa tana shanye waɗannan ta narkar da su, roba sai an wanke, in ba a wanke ba rana ta dafa su wari ya tashi. Da me za a wanke? Da ruwa.

Wani zai ce, to ku mutanen Droum ina ruwanku, ai a birni ake yi, kuma mutum da kuɗinsa. Ruwanmu kuwa shi ne ruwan. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ƙarƙashinsa ba ruwan kirki, kuma wannan ƙishirwa tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ruwan da birni ke sha daga waje ake jawo shi: daga Aroungouza da Ganaram ta arewa, da kuma rijiyoyin Gogo da Machaya da ke nan wajenmu. Ruwan Gogo da Machaya ba kogi ba ne, abin da damina ta bari ne a cikin yashi, shekarar da ta yi kyau ya ƙaru, shekarar da ta gaza ya ja baya. Mu masu lambu mun san haka a igiyar guga. Ba mu taɓa yi wa 'yan uwanmu na birni rowar ruwan sha ba, kuma ba za mu yi ba. Duk wanda ya ga mata da yara a layin famfo cikin dare a watan Afirilu, ko ya ji farashin da bido ke kaiwa a kurar 'yan ga-ruwa, ya san ba su da laifi. Amma ruwan sha daban, ruwan sanyaya leda daban.

Ku yi lissafin da kanku. Pisin ɗan madaidaici mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, lita 48,000 yake ci. Bido mai lita 25 guda 1,920 kenan. In rana da iska suka sha santimita ɗaya kacal daga samansa a yini, lita 320 sun tafi, kusan bido 13, ba wanda ya kurɓa. Wannan na pisin ɗin ne kaɗai, kuma magana ce ta wata rana. Abin da muke cewa yau, wanda ya riga ya ɗora wa gari wannan nauyi bai kamata ya ƙara da dardumar da sai an yi ta jiƙawa ba, sannan ya zo yana ce mana wai tattali yake yi.

Yanzu ciko, wanda shi ne aka fi tambaya. Baƙin garin taya shi ya fi kowanne ɗaukar zafi, don baƙi ne, kuma da rana ta buɗe za ka ji warin faci yana tashi. A filin ƙwallo an sa shi ne don ya yi laushi idan ɗan wasa ya faɗi. A bakin pisin wa ke buga ƙwallo? Abin da zai faru shi ne ya manne a jiƙaƙƙiyar ƙafa, a ɗauke shi a shiga ruwa da shi, ya taru a injin tace ruwa, yaro mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. In aka zo wanke injin, ruwan da ake zubarwa waje da shi zai fita. Damina ta zo ta kwashi sauran ta bi lungu da shi, daga lungu sai kwata, daga kwata sai tafki ko korama.

Ba za mu zo nan mu ce muku yana sa ciwon daji ba, ko da yake ana yawo da wannan magana. Hukumar lafiya ta ƙasar Holan ta bincika a 2016 ta ce haɗarin ga masu wasa a kai ƙanƙane ne ƙwarai. Gaskiya ɗaya ce, ko ta taimaki hujjarmu ko ba ta taimaka ba. Sai dai ku lura da abu biyu. Na farko, su suna magana ne kan 'yan ƙwallo masu takalma a ƙasa mai sanyi. Na biyu, kayan da suka auna suna da mai duba su: tun 2022 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan wasu sinadarai masu cutarwa da aka yarda su kasance cikin irin wannan gari. Buhun da zai iso mana ba suna ba takarda, wa ya auna shi? A wane ɗakin gwaji?

Kuma duk da haka Turawan ba su bar shi ba. A watan Satumba na 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da cikon roba daga Oktoban 2031, bayan hukumarsu ta sinadarai ta ƙiyasta cewa har tan 16,000 nasa kan zube cikin muhalli duk shekara. A 2020 masana a Jami'ar Washington sun gano cewa wani sinadari da ke fita daga taya shi ke kashe wani nau'in kifi a ƙoramunsu idan ruwan sama ya wanko hanya. Jihar Kalifoniya, wadda ita ma fari ya dame ta, kuma can baya har ƙarfafa wa mutane gwiwa aka yi su sa ciyawar roba a gidaje, a 2023 ta mayar wa garuruwa ikon hana ta in sun ga dama. Mun san abin da ke faruwa idan kasuwar wani kaya ta fara rufewa a Turai. Mun gani a tsofaffin motoci, mun gani a firji, mun gani a magungunan ƙwari. Hanyarmu ake nunawa.

Akwai kuma ƙarshen abin, wanda mai talla ba ya saka hotonsa. Ko a filayen ƙwallon da ke da ma'aikata masu share ta da injin taje ta, shekara 8 zuwa 10 ake ba ta a canza. A ranarmu, ga ruwan pisin mai javel yana fantsama mata kullum, ku ƙiyasta da kanku. Zaren yakan dushe, ya yi gautsi, ya riƙa karyewa yana bin iska. Garwashi ɗaya ya faɗo daga murhun shayi ya bar mata tabon da ba ya gyaruwa, kuma wane gida ne a Damagaram ba a dafa shayi a tsakar gida? Idan ta mutu ina za a kai ta? Roba ce da gam da yashi a cakuɗe, ko a Turai raba su wahala ne. A nan dai biyu ne: ko a cinna mata wuta unguwa ta shaƙi hayaƙin, ko a jefa ta juji. Jujin birni kuma mun san inda yake ƙarewa, amalanke ke kwaso shi zuwa gonaki a matsayin taki. Duk manomin da ya taɓa zuba shara a gona ya san yadda ake tsintar leda a bakin hauya shekara da shekaru, duk mai kiwo ya san abin da mahauci ke cirowa daga tumbin akuya. Tun Nuwamban 2014 ƙasar nan take da dokar hana shigo da leda da sayar da ita, ga ta nan har yau tana lilo a kan kowace ƙaya. Ba mu gama da ledar da ake ƙulla gishiri ba, za mu shimfiɗa wadda ta rufe tsakar gida.

Don kada a ce mun ƙi jin ta ɗaya ɓangaren: filin ƙwallo maganarsa daban ce. Matasa ɗari nawa ke amfani da fili ɗaya a mako, da takalma, galibi da la'asar sakaliya, kuma raya ciyawar gaske mai faɗin fili guda a nan ruwa ne mai yawan gaske. Wanda ya kawo wannan hujja ya kawo abin dubawa, a zauna a auna. Ko da yake can ma 'yan wasa sun fi son ta gaske: mata sun yi ƙorafi sosai da aka sa su buga gasar cin kofin duniya ta 2015 a Kanada kan roba, kuma FIFA ba ta yarda a buga ta maza a kanta. Amma tsakar gidan mutum ɗaya ba filin matasa ba ne, ba za a ari hujjar can a kawo nan ba.

Haka nan ba muna cewa a je a shuka ciyawar Turawa a yi ta ɗura mata ruwa ba. Abin da bakin ruwa ke buƙata a ƙasar zafi inuwa ce da wurin taka ƙafa mai sanyi wanda ba ya santsi. Wannan kuwa ba sai an je Dubai ba. Rumfa ta zana ko ta kwano mai silin. Bulo ko dutse mai haske mai kaushi a kewayen ruwan. Tabarmar kaba da za a shimfiɗa a naɗe, wadda kuɗinta zai shiga hannun matan ƙauyukanmu, in ta tsufa ƙasa ta cinye ta. Can nesa da ruwan, inda ake zama, iyayenmu mata sun san daɓe tun kafin a haifi siminti. Itace kuma a dasa shi da ɗan nisa don saiwa da ganye kada su dami ginin. Abin kunya ne ma a ce mu, mutanen yankin Mirriah da Magaria da Matameye, waɗanda manomansu suka mayar da miliyoyin gawo cikin gonaki da hannunsu har masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo, mu ne za mu koma sayen kore na ƙarya da mita. In ido na son ɗan kore, ƙaramin fili na ƙiri-ƙiri a gefe ya isa, ciyawa ce da ta san fari, a ba ta ruwan alwala da na ɗauraya.

Wanda kuma ya ce shi fa sai ya sa, mun san akwai su, kuma ba mu da sanda. To aƙalla ya ji wannan. Kada ya yarda da garin taya, ko kyauta aka ba shi. Yashi wankakke mai ɗan kauri ya fi, don bai kai baƙi zafi ba, kuma in ya fita waje yashi ne ya koma cikin 'yan uwansa. Amma ba yashin hanya mai laka ba, wannan toshe hudojin zai yi. Ɓawon kwakwa da na itace sun fi sanyi, sai dai suna son danshi, suna tasowa saman ruwa su bi shi, iskarmu kuma ba ta barin abu mara nauyi. Ya zaɓi mai gajeren zare, don ita ce ba ta cin ciko da yawa kuma ta fi sauƙin shara. Kada ya kai ta har bakin ruwa, ya bar tazara ta bulo. Kada ya shimfiɗa ta kan siminti ba hanyar ruwa, in ba haka ba damina za ta kwanta a ƙarƙashi sauro ya samu gida. Ya yi mata rumfa. Kafin ya biya kuma, ga gwajin da ba ya cin ko dala: ya karɓi ɗan yanki ya ajiye a rana daga hantsi zuwa azahar, ya ce wa mai sayarwa bismilla, cire takalmi ka tsaya a kai mu ƙirga ashirin.

Ga masu riƙe da ma'aikatun magajin gari, na Droum da na birni, da ma'aikatar kula da muhalli ta jiha, roƙonmu ba mai tsada ba ne. Duk mai neman izinin gina pisin a otel ko gidan biki a tambaye shi daga ina ruwan zai fito, ina zai zubar da wanda ya gurɓata, me zai shimfiɗa a kewaye, kuma wa zai ɗauki nauyin kwashe shi idan ya lalace. A rubuta a takarda ya sa hannu. Garin taya kuma a hana zuba shi a duk inda yara ke wasa ba takalmi tun yanzu da bai yi yawa ba, kada a jira sai ya zama irin leda.

Masu sayarwa, mun san wasunku suna cikin wannan shafi, kuma 'yan uwa ne, neman halal kuke. Ga fili nan a ƙasa. Ku kawo mana sunan kamfanin da ya yi kayan, takardar gwajin cikon, da hoton gida ɗaya a Damagaram ko Maradi ko Kano da aka shimfiɗa wa shekara biyar da suka wuce, hoton da aka ɗauka da azahar a watan Afirilu da yaro tsaye a kai. Za mu saka shi a nan yadda kuka turo.